Iska Aka Rubuta, Iskoki Aka Karanta

Jama'a, har yau in na tuna Talatar nan sai na ajiye abin da ke hannuna, don ɓacin ran yana nan sabo fil, alhali tun 1971 aka yi abin. Ku gyara zama.

Ni ce Ladidi, ɗiyar Malam Ɗan'azumi tela ta Dogon Dutsi. Wata biyu ke nan da dawowata daga Faransa da dipilom ɗin injiniya, bayan shekara biyar ina fama da sanyi da dankali. Abin da na karanta shi ne yadda ake sa injunan izin, wato masana'anta, su tafi da kansu: tukunya ta yi zafi fiye da kima, wuta ta ragu ba wanda ya taɓa, tanki ya cika, famfo ya rufe kansa. Ku ƴan yanzu kwamfuta ke muku wannan aiki. A zamaninmu iska ake matsewa, a tura ta cikin ƴan siraran bututun jan ƙarfe, ita ke kai saƙo daga ma'auni zuwa famfo. Na nemi aiki a wani sabon izin na matsar man gujiya, wato gyaɗa, a Maradi, ina jiran amsa, sai na ce bari in je Matankari in yi wa kakata kwana biyu.

Da hantsi na dawo, cikin atamfata mai zanen agogo da takalmin da na sayo a Turai, na tarar gidanmu yana tashin wani turare wanda ba na biki ba. Inna na zaune gindin turmi, ta amsa sallamata ciki-ciki, ba ta ko ɗago ba. Sai ta miƙo mini ƙwarya.

"Sha."

"Inna, ko ƙafa ban wanke ba."

"Sha, kana ki wanke."

Rubutu ne, baƙi ƙirin, har da ɗacin tawada. Na kurɓa don kada ta ce na ƙi.

"Wa ya rasu?"

"Da rasuwa ta, ai da an yi ta'aziyya an watse." Ta zaro wata shuɗiyar takarda daga ƙarƙashin faifai, ta riƙe ta da yatsu biyu kamar wutsiyar kunama. "Jiya anka kawo. Ladidi, ashe abin da kinka je koyo ke nan? Duk bokayen Arewa ba su ishe ki ba, sai na Nasara?"

Talgiram ce daga Maradi. Zuciyata ta yi tsalle tun kafin in gama layin farko: POSTE REGULATION COMMANDE PAR AIR ACCORDE. An ba ni aikin! Sauran ya ce kamyon izin, babbar motarsu ta kaya, zai biyo ta Dogon Dutsi ran Alhamis da safe ya ɗauke ni, in zo da dipilom na asali, in babu shi babu aiki.

"Inna, an ɗauke ni!"

"Mun sani. An karanta ma ubanki. An ce za ki riƙa ba iskoki umarni suna juya ma Nasara injuna."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, har na dafa turmi. Da na ga hawaye a idon Inna sai dariyar ta maƙale.

Bari in gaya muku abin da ya sa wannan kalma ta fi wuƙa kaifi a gidanmu. Kakata Dije, wadda na baro a Matankari, uwar Baba ce, kuma ƴar bori ce. Doguwa ke hawanta, yaro da babba sun sani. Baba ya bar garin tun yana saurayi don ya gaji da a kira shi ɗan mai girka. Shekara talatin yana matsawa daga sahun baya na masallaci zuwa na gaba, taku taku. Ranar da Liman Ɗantani ya aiko da goron neman aurena wa ɗansa Sha'ibu, ranar Baba ya ji ya iso. Yanzu ga takarda ta zo ta ce ɗiyarsa ta koma sana'ar uwarsa, kuma a ina take lokacin da takardar ta zo? Matankari.

Ban ko cire ɗankwali ba na nufi shagonsa. Yana kan keke yana ɗinka wuyan wata riga mai ruwan ƙasa. Na durƙusa na gaishe shi, keken bai tsaya ba.

"Baba, iska ta. Iskar da ka kaɗa ganyen dogon yaro. Ba iskoki ba."

Tatatata.

"Maƙeri ma da iska shika aiki. Ka taɓa jin an ce zugazugi bori na?"

"Zugazugi hannu ka zuga shi," ya ce, idonsa a kan allura. "Naki wa ka zuga shi?"

"Ba kowa, Baba. Ai shi na amfanin abin. Da kanshi shika..."

Keken ya tsaya cak.

"Da kanshi," ya maimaita a hankali. "Ƙarfe shi buɗe, shi rufe, ba hannun ɗan Adam, da kanshi. To mi ya rage ban ji ba?"

Kun ga yadda mutum ke haƙa ramin kansa da ilimin shekara biyar? Na yi ta bayani, ma'auni, matsi, bututu, duk kalmar da na ƙara sai fuskarsa ta ƙara rufewa.

"Dipilom ɗinki na cikin adakata, makulli na aljihuna," ya ce. "Gobe bayan la'asar Liman zai zaka. Gabanshi za ki ce kin bar wanga aiki, a sa ranar aure. Shi ma an hwaɗa mishi, kuma ya yi mini kara bai amshe goronshi ba tukun."

"Wa ya karanta maka takardar?"

"Wanda ba shi yi mini ƙarya. Tashi."

Na fito ina tafasa, amma ban ji tsoro ba. Ina da Sha'ibu. Mushe ne, wato malamin boko, a lakwal ɗin maza, shi ke koyar da manyan aji, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Shekara biyar yana rubuto mini wasiƙa duk sati biyu, ba fashi. Ina da su ɗaure da zare cikin akwatina, har da wadda ya sa busasshen furen tumfafiya a ciki ya ce don kada in manta ƙasarmu ba ta da fure mai kyau sai ni. Na ce da zarar ya zo ya yi wa Baba magana biyu, shi ke nan.

Da yamma na ji ƙarar mobilet ɗinsa, ɗan babur ɗin nan. Na canza zuwa leshina fari, na ɗan goga kwalli, na fita dakalin ƙofar gida. Ga shi cikin farar shat mai gajeren hannu, wandon targal da kari kamar bakin wuƙa, biro biyu a aljihu, ja da shuɗi.

"Ma chérie, kwana biyu kin rame."

"Mushe, taimako nake so. Wani jahili ya shiga tsakanina da Baba." Na miƙa masa talgiram. "Karanta ka ji abin dariya."

Bai buɗe ba. Ya riƙe ta a ninke yana buga ta a gwiwa.

"Alhamis ta yi kusa da yawa, Ladi. Ko dipilom ɗin ma ai ba a ba mutum shi ya kai Maradi haka kawai, in ya ɓata fa?"

Na dube shi. Ban ce masa Alhamis ba. Ban ce masa dipilom ba.

"Ya aka yi ka san abin da ke ciki?"

Ya gyara biro ɗin da ba su karkace ba.

"Mai gidan waya ya ga ba ki nan, Baba ya aiko a kira ni. Wa kike so ya karanta mishi, mai kanti?"

"Mi ka ce mishi?"

"Abin da ke rubuce. Commande, umarni. Air..."

"Air mi?"

Wata akuya ta wuce tsakaninmu tana jan igiya. Sai da ta ɓace ya buɗe baki.

"Iskoki. Gaɓa ɗaya ce kawai na ƙara, Ladi."

Gaɓa ɗaya! Ƴan uwa mata, kun ji ƙarfin hali? Mutumin da ke zane yaro da bulala in ya sa jam'i inda ba wurinsa, shi ne ya zauna gaban ubana ya yi wa iska jam'i.

"Ka san abin da kalmar ga take a gidanmu."

"Na sani. Ke kuma kin san abin da nake a garin ga? Shekara biyar ana mini dariya a majalisa, wai matata na Turai tana auren littafi. Na haƙura. Kin dawo wata biyu, sai kuma Maradi, cikin ƙarti ɗari biyu, ke kaɗai mace da wando da sufana? Akwai gurbin malamar lissafi a lakwal ɗin ƴan mata, na riga na ga diraktan. Mu tafi tare da safe, mu dawo tare. Mi ya fi wannan?"

"Sai ka tambaye ni."

"Da kin ƙi."

"Ai shi ya sa ake tambaya, Mushe."

Ya sassauta murya, irin wadda da can ke narkar da ni. Ya ce don sona ya yi, ya ce bayan aure shi da kansa zai wanke ni wurin Baba, a ce kuskuren mai buga waya ne. Bayan aure. Bayan kamyo ya wuce, an ba wani aikin.

"Gobe ka gyara da bakinka," na ce, "ko ni in gyara."

Ya yi murmushi yana tada mobilet. "Maganarki da tawa, gaban tsofaffi biyu da ba su san a daga b ba? Kwanta ki huta, ma chérie."

Abin da ya manta shi ne, satin da ya wuce ya ba ni kayensa, littafin da yake shirya darasi a ciki, wai in zana masa hoton famfon keke don ya fi ni munin zane. Na zana, ya kofa a allo, ya dawo mini da kayen in ƙara masa wani. Yana nan ƙarƙashin matashina.

Laraba bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka ɗora wa Liman buzu. Liman Ɗantani siririn tsoho ne, ba ya ɗaga murya, carbi ba ya barin hannunsa. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Sha'ibu na gefe, ya sauya shat da jabba, ya sunkuyar da kai kamar na Allah. Inna ta lulluɓe ni da mayafinta mai kauri, ta tsaya bayan ƙyaure. Na shigo na durƙusa, kaye a ƙarƙashin mayafi.

"Hwaɗi abin da munka yi da ke," in ji Baba.

"Zan hwaɗa, Baba. Amma Allah gafarta Malam, ina da tambaya guda ta ilimi, in an yarda."

Baba ya harare ni. Liman ya ɗaga hannu. "Mai tambaya ba shi ɓata. Yi, ɗiyata."

Na fito da kayen na buɗe gabansa. "Wanga hannun wa na?"

"Na Sha'ibu. Ban iya karatun Nasara ba, amma na san tafiyar alƙalamin ɗana."

Na ji numfashin Sha'ibu ya canza. Na shimfiɗa talgiram kusa da kayen, na sa yatsa a kan kalmar AIR, sannan na nuna kan darasin da ya rubuta da manyan baƙaƙe da jan biro.

"Baba Liman, kai ka san baƙi ko na wane harshe na. Waɗanga uku da waɗanga uku, ɗaya na ko daban?"

Ya kusanto da takardun ga idonsa. Ya daɗe. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa ba a ruɗa shi da siffar baƙi.

"Ɗaya na."

"To wanga darasi shi Mushe ya koya ma ɗiyan gari satin da ya wuce, har da jikokinka biyu, kafin ya zaka ya karanta ma Baba waya. In fassarar da ya yi ma Baba ita ta gaskiya, ga abin da ya koya musu." Na karanta a hankali, ina bin layi da yatsa. "Iskoki na cikin gidajenmu. Iskoki na cikin ƙirjinmu. In babu iskoki, mutum mutuwa zai yi."

"A'uzu billahi!" Inna ce daga bayan ƙyaure.

Carbin Liman ya tsaya. Ya juya ga ɗansa, muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan.

"Sha'ibu. Ko dai bori kaka koyarwa a lakwal, ko dai ƙarya ka yi ma surukinka. Zaɓar mini wadda zan shiga masallaci da ita."

"Baba, ai Faransanci kalma guda na iya..."

"Ban tambaye ka Faransanci ba."

Zufa ta jiƙa wuyan jabbar. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa.

"Iska ta, Baba. Iskar shaƙa."

Na zaci Baba zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya zauna yana kallon Sha'ibu kamar yau ya fara ganinsa.

"Da uwata ka kama ni," ya ce. "Ka duba duk jikina, ka ga inda miki yake, nan ka sa yatsa."

Ya tashi ya shiga cikin gida. Muka ji ƙarar makulli, muka ji murfin adaka. Ya dawo da dipilom ɗina naɗe cikin ƙyallen shadda, ya ajiye gabana, bai miƙa mini a hannu ba.

Liman ya yi gyaran murya. "Malam Ɗan'azumi, kunyar tamu ta. Goronmu na nan in kuna so, in ta tahi Maradi ma ba ni da ta cewa, aure ba shi ƙin tafiya."

"Ni ina da ta cewa!" Sha'ibu ya ɗago, idonsa ja. "In ta hau kamyon ga, na fasa. Ba ni auren macen da za ta tsayar da ni gaban ubana kamar ɗan aji."

"Kin ji," Baba ya ce mini. "Mi kin ce?"

A garinmu budurwa ba ta amsa irin wannan tambaya. Sunkuyawa take, manya su fassara shirunta. To ni na ga abin da fassara ta yi mini cikin kwana biyu. Kuma kada ku zaci ba na sonsa. Wasiƙunsa na cikin akwatina, na haddace rabinsu. Da ya ce "na tuba" sau ɗaya tak, wallahi ban san abin da zan yi ba. Na jira. Na ba shi numfashi uku. Ya kau da kai.

"Baba, a mayar musu da goronsu tun bai bushe ba."

Bayan sun fita, Baba ya tsaya bakin zaure, ya juya mini baya.

"Gaskiya taki ta. Amma kin kunyata namiji gaban ubanshi, kuma garin ga ba shi manta irinta. Ki je ki iya aikin nan, Ladidi, don ba ki da wurin dawowa da kuka."

Alhamis tun rana ba ta yi zafi ba ina bakin babbar hanya gaban gidan waya, da akwatina da ƙullin kilishi da Inna ta cusa mini. Na sa siket da riga masu ruwan toka da na yi jarabawar ƙarshe da su, na ɗaura ɗankwali a kai. Matan da ke zuwa kasuwa suna rage tafiya in sun zo daidai ni, labari ya riga ya gama gari. Wata ma har ta ja ɗiyarta gefe. Na ɗaga kai na yi kamar ina ƙirga motoci.

Wajen ƙarfe tara wani koren kamyo ya tsaya, cike da akwatunan katako. Direban ya sauko, wani kakkauran mutum da tawul a wuya, yana duba wata takarda, yana waige-waige. Ya dube ni, ya dubi bayana.

"Sannu ƴan mata. Inusa sunana, daga izin na Maradi. Ko kin san wani Mushe Danazumi, injiniya? An ce nan zai jira ni."

"Ni ce."

Ya yi dariya har tawul ya zame. "A'a, maigidan naki nake nufi. Ko wanki na?"

Na karɓi takardar hannunsa. Ga shi an buga da tafireta: Monsieur L. Danazoumi. Lakwal ɗinmu na Faransa ya aika musu sakamakona da harafin farko na sunana kawai, su kuma suka cike sauran da abin da suka saba gani.

Na warware ƙyallen shadda na nuna masa dipilom, da hotona manne a kusurwa. Dariyar ta ɗauke. Ya sosa ƙeya.

"Kai! To ai patron, maigidan izin, namiji shika jira. Har an gyara mishi gado a gidan gwauraye, ɗaki guda da makanikai. Kuma an hana mu ɗaukar mata cikin motar izin, in ya gan ki gaba korata zai yi. Ki yi haƙuri ki koma gida, in na isa ni zan yi mishi bayani, in ya so su aiko miki waya."

Su aiko waya. Wani ya yi bayani a madadina. Na waiga: ga hanyar gidanmu, ga matan kasuwa sun tsaya cak da tallansu a ka suna jiran su ga an bar ni a ƙasa.

Na ɗaga akwatina na jefa bayan kamyo. Na zagaya na buɗe ƙofar gaba, na tattare siket na hau, na ɗora dipilom a cinya.

"Baiwar Allah, za ki ja mini..."

"Tada mota, Malam Inusa. Daga yau ba mai ƙara karanta takardata sai ni."

Ya tsaya riƙe da ƙofa yana salati, ya dubi sama, ya dubi hanyar Maradi. Sannan ya hau, ya murɗa makulli.

"Yini guda gare ki ki shirya abin da za ki hwaɗa mishi," ya ce yana sa giya. "Injiniyan da ya riga ki, da gemunshi da komi, sati ukku ya yi."